Fitilar 'Yan Tsakin Ladidi

Duk Kontagora ba wanda ya kai ni jin kai a watan da na cika gidana da ƙwan fitilar da ake kunnawa daga waya. Ina zaune a majalisa sai in latsa, fitilar zaure ta mutu, in sake latsawa ta kawo. Abokai suka raɗa mini Injiniya, ni kuma na amsa.

Da na gama da ɗakuna, sai idona ya kai kan wani tsohon ƙwan fitila mai jan haske a akurkin da matata Ladidi ke renon 'yan tsakinta, waɗanda take sa ran sayarwa da Sallah. Na kwance shi, na ɗaura nawa.

"Baban Ummi, ai wannan ba don haske..."

"Ke dai zuba ido ki ga zamani," na katse ta.

Washegari muka tafi biki Nasko, marka ta tsare mu muka kwana. Ina ta nuna wa surukaina waya: "Kun gani? Fitilar akurkin tana kunne."

A kunne kuwa muka tarar da ita, fari tas, sanyi ƙalau. 'Yan tsakin sun cure a ƙarƙashinta suna neman ɗumi, ko ɗaya ba ya motsi. Ladidi ta ɗauko bokiti ta kwashe su.

Har yau in na gifta kusa da murhu sai ta ɗaga murya, yadda maƙwabta za su ji: "Injiniya, don Allah a bar mini wannan. Shi ma don zafi aka yi shi."