Ranar Da Na Wanke Wa Surukina Taya

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da daminar da na aurar da 'yata ta fari ba. Shekara ce mai sanyin rai. Ruwa na sauka a kan kari, gari ya lafa, ni kuma ina jin kaina wata babbar mace tunda na yi suruki.

Wata Juma'a suka kawo mini ziyarar farko a Hausari, ita da mijinta Malam Bukar, cikin motarsa baƙa wul. Layinmu matsattse ne. Garin gyara tsayuwa sai tayar gaba ta gogi simintin bakin kwatarmu, har daga tsakar gida na ji ƙiiit. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar yadda aka saba, sannan ya wuce masallaci da ƙafa.

Abin ya tsaya mini a rai. Zuwan farko, a ce ƙofata ce ta ji wa motar yaro ciwo? Na ja mayafi na leƙa. Ƙarfen tsakiyar tayar, wanda suke kira rim, baƙi ne ƙirin, amma inda ya karce sai ga fari tas yana ƙyalli, irin farin sabuwar tukunya.

Nan fa ilimina ya motsa. (Na yi makarantar yaƙi da jahilci, har malamarmu tana yaba mini saurin fahimta.) Na ce a raina, ashe asalinsa fari ne, dauɗar hanya ce ta rufe shi. Allah sarki, yaro ba mai kula masa! Ni kuwa duk layinmu an san ba a kai ni fitar da baƙin tukunya.

'Yata tana ɗaki tana sallah. Na ɗebo toka, na haɗa da ɗan yashi da sabulu, na ɗauko soson ƙarfe da kujera 'yar tsuguno. Baƙin nan ya yi taurin kai, amma ni mai haƙuri ce. Ina gurzawa a hankali ina salati, fari yana fitowa, ina ƙara jin daɗi.

Na ci rabin rim ɗin sai na ga inuwar mutane a kaina. Malam Bukar ne da abokansa biyu, da dardumansu a kafaɗa. Ya dubi tayar, ya dube ni, sai kawai ya durƙusa.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yauwa," na ce, ina kallon gefe. "Dauɗar ta kama sosai. In na gama wannan sai in yi sauran ukun."

Ɗaya abokin ya juya baya yana wani irin tari. Malam Bukar ya ce, "Mama, ki huta haka nan. Wallahi ya isa. Ya isa ƙwarai."

Sai da suka fita sayo lemo 'yata ta fito, ta ɗora hannu a ka. "Umma! Fenti ne fa! Takanas ya kai aka fesa masa baƙi, duk wanda ya zo sai ya nuna masa!"

Na tsaya da soso a hannu, toka har gwiwar hannu. Ranar ko sallama ban iya fitowa na yi musu ba. Abin da ke cina shi ne, yaron nan zai koma cikin danginsa da wannan taya, a tambaye shi, ya ce aikin uwar matarsa ne.

Washegari da safe na hau keke napep zuwa wajen mai fentin da 'yata ta kwatanta mini a hanyar Baga, don in ji ko abin zai gyaru. Na tarar an kwance tayar, Malam Bukar na tsaye. Kafin ya gan ni mai fentin yana cewa, "Karcen siminti ai ba komai ba ne. A wanke, a goge da sanfefa mai laushi, a cike gurbin, a fesa, shi ke nan. Amma wannan kam sai an kankare duka. Oga, gaya mini gaskiya, wane mara tsoron Allah ne ya yi maka haka?"

Malam Bukar ya ce, "Tsautsayi ne kawai."

Da na yi shiru, da maganar ta wuce. Amma sai na ji bakina ya ce, "Ni ce."

Malam Bukar ya waiwayo, ya zube a kan baƙin mai da farar shaddarsa. Mai fentin ya cire hula, ya mayar, ya sake duban rim ɗin.

"Hajiya," ya ce, "a gaskiya hannunki yana da kyau. Ko'ina ya tafi daidai."

A nan na ɗauki darasina: duk abin da ba a ɗora shi a kan murhu ba, baƙinsa ba ruwana. Na yi wa mai fentin godiya, na ce da bangon garejin ya gaida mutanen gida, bangon ya amsa da muryar Malam Bukar, na tari keke na koma Hausari.