Tocilar Na-Bincika

Idan ana lissafa mutanen da Allah Ya hore wa ilimi ba tare da wahalar zaman aji ba, to a fara da muƙaddashin shugaban sito na garejin bas-bas ɗin nan da ke bakin babbar hanya. Mutum ne mai kwarjini, mai tumbi daidai muƙami, mai biro uku a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi, duk da ba a taɓa ganin ya cire murfin fiye da ɗaya ba. Ba ya buɗe baki sai ya ce, "Na bincika." Tambaye shi ingancin sabulu, ya bincika. Tambaye shi ko za a yi ruwa gobe, ya bincika. Da haka kanikawan garejin suka raɗa masa Na-Bincika, shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce, har ɗaga hannu yake yi in an kira.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa bawan Allahn nan a maƙogwaro, wato kalmar "muƙaddashi" da ke manne a ƙofar ofishinsa. Wata bakwai ke nan da tsohon shugaban sito ya yi ritaya, mai garejin ta ɗora shi a kujerar na wucin gadi, ta ce za ta ga kamun ludayinsa. Mace ce mai ƙarancin magana, ta gaji motocin daga mahaifinta ta ninka su, ma'aikata na kiranta Uwar Ɗaki. Ran wata Litinin ta kira shi ta ce kanikawa na kukan duhun rami, tocilolinsu duk sun mutu. A sayo goma sha biyu, masu batir, masu haske, masu sauƙin kuɗi. In ya iya wannan, za a ɓamɓare kalmar nan daga ƙofarsa.

Da wani gama-garin mutum ne, da ya tsallaka titi zuwa shagon kayan wuta ya dawo kafin shayinsa ya huce. Amma ai manya ba sa tsallaka titi haka kawai. Na-Bincika ya rufe ofis kwana huɗu, ya rataya takarda a ƙofa cewa ana nazari, ya yi ta latsa waya har babban yatsansa ya yi kanta. Ran Juma'a ya fito da sabuwar kalma a bakinsa, ya tara direbobi a gindin rumfar mai shayi domin su ma su amfana.

"Jama'a," in ji shi, bayan ya yi gyaran murya sau biyu, "haske fa ba da ido ake auna shi ba. Akwai ma'auni, sunansa lumen. Ba lallai ku gane ba, amma ni na bincika. Duk tocilar da ba ta kai lumen dubu biyar ba, ku ɗauke ta a matsayin ashana. A zamanina, garejin nan ya yi ban kwana da duhu."

Direbobi suka gyaɗa kai, don shi ya biya shayin.

To, ramin da ake magana dogon rami ne na siminti a tsakiyar gareji. Bas ta hau kansa, bakanike ya sauka ƙasa ya duba cikinta. Ko da tsakar rana duhu ne a wurin. Wanda ya taɓa sauka ya san yadda ake yi: hannu ɗaya da sufana, ɗaya ya tallafi noti ko tiyo, tocila kuwa a cije ta da haƙora, ko a maƙale ta tsakanin kunci da kafaɗa. Shi ya sa duk tsofaffin tocilolin garejin ke da shatin haƙori a gindinsu. Na-Bincika ya shekara tara a wurin, amma Allah Ya tsare shi, ko matakala ɗaya ta ramin bai taɓa takawa ba.

Babban bakaniken garejin dattijo ne da kowa ke kira Baba Birki. Yayan mahaifiyar Na-Bincika ne, kuma shi ya kama hannunsa ya kawo shi aikin nan tun yana yawo da takardu a leda. Da ya ji ana nazari, sai ya goge hannunsa da tsumma, ya tsaya a bakin ofis don kada ya ɓata dardumar.

"Ɗan nan, in za ka sayo, ka duba wadda za ta…"

"Kawu," Na-Bincika ya katse shi, yana juya kujera hagu da dama, "a gida kai kawuna ne, ba musu. Amma nan wurin aiki ne, akwai tsari. In kana da shawara, ka rubuto ta hannun shugaban sashenku."

Baba Birki shi ne shugaban sashen. Ya ɗan tsaya yana kallon ɗan ƙanwarsa, abin ya sosa masa rai ƙwarai. Ya saɓa tsummansa ya koma rami.

Ran Asabar da rana aka yi babban gwaji a gida. Na-Bincika ya aro samfuri biyar daga 'yan kasuwa, ya toshe tagogin falo da barguna, da suka ƙare ya haɗa da zannuwan matarsa na cikin akwati. Ya kori yara gidan gwaggonsu. Ya tsayar da matar a jikin bango da jarida a hannu, shi kuma ya ja baya har ƙofar kicin yana dalle ta da tocila ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta maki. Baiwar Allah ta bar ɗinkin mutane a kan keke tana karanta labarin ƙwallo da ido ɗaya a runtse. A ta huɗu haƙurinta ya ƙare.

"Baban yara, wai ka tambayi Kawu kuwa? Su ne fa masu aiki da abin."

"Kin taɓa ganin likita ya tambayi mara lafiya irin allurar da yake so?" in ji shi. "Ɗaga jaridar sama."

Ta biyar ce ta lashe gasar, don da ya kunna ta sai da matar ta jefar da jaridar ta dafe idanu tana salati. Wata jibgegiya ce ruwan ɗorawa, mai mariƙi a sama, girmanta ya kai buta, fuskarta kamar faranti, tana cin manyan batura shida. Masu gadin gonaki ake yi wa irinta. Mai shagon da aka aro ta a wurinsa ya shekara biyu yana tuntuɓe da kwalinta a lungu, saboda haka da ya ji ana son goma sha biyu, sai ya yi ragin da ya ba kowa mamaki, ya haɗa da lemo mai sanyi, ya raka Na-Bincika har bakin mota yana sa masa albarka. Na-Bincika ya dawo bakinsa har kunne, yana ba mai shayi labarin yadda ya murɗe ɗan kasuwa.

Ranar miƙa kaya ya sa aka share tsakar gareji. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, aka jera tociloli goma sha biyu, kowace da lamba a jikinta. Uwar Ɗaki ta zo ta zauna a kujerar roba, jakarta a cinya. Na-Bincika ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Ranki ya daɗe, kin ce haske, ga haske. Kin ce araha, ga araha. Batir kuwa, na bincika, zubi ɗaya sai ya yi awa tamanin yana ci ba ƙaƙƙautawa. Kuma don a san da gaske muke, ni da kaina na ce wa mai shagon ya rubuta a rasit cewa ba a mayarwa. Wanda ya san abin da ya saya ba ya barin ƙofar komawa."

Ya danna maɓalli ya haska rufin kwano. Tantabarun da suka shekara a can suka watse a guje. Direbobi suka tafa, don gaskiya abin ya yi kyau.

Uwar Ɗaki ba ta tafa ba. Ta nuna wata bas da ke kan rami, ta ce man birkinta na zuba, fasinjoji kuma na jiranta ƙarfe huɗu, a gwada a can. Baba Birki ya ɗauki lamba ɗaya ya jinjina nauyinta. Ya buɗe baki zai cije ta, ya dubi girman gindin tocilar, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ya sauka.

Na sama suka kasa kunne. Baba Birki ya ajiye ta a ƙasa, ta haska ko'ina ban da bayan ƙarfen da man ke ɗiga. Ya ɗora ta a kafaɗa, ta sulluɓe ta sauka a kan babban yatsan ƙafarsa, aka ji wata kalma da ba a saba ji daga bakin dattijo ba. Ya rungume ta a hammata, hasken ya daki ƙarfe mai maiƙo ya dawo masa cikin ido. Can sai ga shi ya hauro yana ɗingishi, hawaye na bin kuncinsa.

"Hasken kam akwai shi, ranki ya daɗe," in ji shi. "Hannu na uku ne ba ni da shi."

Nan fa Na-Bincika ya sha jinin jikinsa. Zufa ta keto masa, ya fara wani bayani a kan lumen, bayanin ya maƙale a hanya. Uwar Ɗaki ta karɓi rasit ta karanta a nitse, ta ninke shi huɗu ta jefa a jaka. Ta aiki wani direba shagon tsallaken titi, cikin minti goma ya dawo da 'yan ƙananan tociloli masu igiyar ɗaurawa a goshi, aka raba wa sauran kanikawa. Sannan ta juyo wurin Na-Bincika.

"Ni ba na zubar da kaya. Waɗannan goma sha biyun na ramin Baba ne, kai kuma za ka dinga haska masa. Ranar da batirin ta ƙarshe ya mutu, ka zo mu yi maganar ƙofarka."

Haka shugaba ya naɗe ƙafar wando ya sauka matakala da baya da baya, tocila a ƙirji. Bas ta tashi huɗu saura kwata. Daga ranar, duk wanda ya gifta ta bakin ramin sai ya ji muryar dattijo cikin nishaɗi: "Ɗan nan, ƙasa kaɗan. Hagu. Hagunka, ba nawa ba. Daina rawar hannu mana." Baba Birki ya ce tunda yake aiki bai taɓa samun haske mai biyayya irin wannan ba.

Shi kuwa Na-Bincika, kullum da safe sai ya leƙa fuskar tocilar da fatan ya ga ta fara ja. Tunda yake a duniya bai taɓa roƙon Allah Ya sa ɗan kasuwa ya cuce shi ba sai yanzu. Mako na uku ke nan, lamba ɗaya ko dushewa ba ta yi ba.