Ranar da na wanke amiral a biron kumandan

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarar fari da yunwa ba, lokacin mulkin soja, ina gabatar da shirin tarihi a rediyo a Agadez. Na ɗauko labarin wani amiral, wato shugaban jiragen yaƙi na teku, Bature na zamanin da, wanda har yau mutanensa ke gardama a kansa: wasu su ce gwarzo, wasu su ce azzalumi, don ya kulle wa matuƙansa ruwa da abinci a teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na rafin Telwa ba (shi ma a shekarar ko ɗigo bai kawo ba), na yanke masa hukunci. Na ce duk shugaban da zai kulle ruwa da abinci mutanensa na faɗuwa don ƙishi, ba gwarzo ba ne, ko yaƙi nawa ya ci.

Sai da na fito na tuna cewa hatsin agaji yana kulle a magaza, wato ɗakin ajiya, kuma soja ne ke rabonsa.

Washegari jandarma ya yi sallama: "Kumandan na kira." A zamanin nan ba a tambayar dalili, kuma ba kowa ke dawowa ba. Na sa riga biyu saboda sanyin kurkuku, matata ta cusa mini dabino a aljihu tana kuka.

Na tarar da kumandan zaune a bironsa, wato ofis, masu tsaron magaza a jere jikin bango. Ban bari ya buɗe baki ba.

"Ranka ya daɗe, na sake duba littattafai. Amiral ɗin nan mutumin kirki ne. Ɓoye ruwan hikima ce. Matuƙan ne ba su da haƙuri."

Na daɗe ina yabonsa da muryar karanta labarai.

Kumandan ya dube ni. "Malam, buhuna ke ɓacewa a hannun waɗannan. Na kira ka ka maimaita musu maganar jiya su ji kunya. Ga shi ka ba su hujja."

Wani tsoho a cikinsu ya ce a hankali, "Allah ya saka da alheri, malam."

"Fita," in ji kumandan.

Tun daga ranar, in an kira ni, nakan bar mai kiran ya fara magana. Amiral kuwa na bar shi da Ubangijinsa. Wanda ya tsine wa mutum ran Laraba ya wanke shi ran Alhamis bai isa alƙali ba.