Ranar da Alhaji Ya Miƙe wa Kada

Duk ranar da masana suka zauna rubuta tarihin kiɗan wasannin kwamfuta a arewacin Yobe, dole su fara da sunana. Ba alfahari nake ba. Ban san wanda ya riga ni ba, kuma har yau ban ji labarin wanda ya biyo ni ba. Amma akwai wani yammaci a cikin wannan tarihi da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so, domin mutanen Nguru ba su da niyyar bari in manta.

Abin ya faro ne a ƙarshen shekarun casa'in, ina sabon malamin Turanci a wata sakandare a garinmu. Wata rana na shiga gidan gem, inda yara ke buga wasan kwamfuta, da ke kusa da tashar jirgin ƙasa don in fake wa ruwan sama. Ina tsaye ina kakkaɓe riga, sai kiɗan wasan da ake bugawa ya tashi daga talabijin. Goge ne irin na Turawa, ba ɗaya ba, ba goma ba, ga ƙahonni, ga manyan ganguna, duk suna tafiya tare babu mai taka ƙafar wani. Ruwa ya ɗauke, ni ban fita ba sai da aka ɗauke wuta.

Daga baya na karanta cewa sunan irin wannan taron makaɗa okestira, kuma akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai tsara wa wasannin kwamfuta kiɗa. Nan take na gane abin da aka halicce ni dominsa. Na sayo ƙaramar fiyano ta hannu a Kano, na tono wani littafin koyon rubutun kiɗa a laburaren makaranta wanda gara ta cinye babi biyu na ƙarshensa (shi ya sa har yau na fi ƙwarewa a farkon kiɗa fiye da ƙarshensa). Okestirata mutum ɗaya ce da rediyo biyu. In kaɗa muryar goge in ɗauka a kaset, in kunna shi in ɗora ƙaho a kai in ɗauka a ɗaya rediyon, haka haka har sau shida, lokacin da shuuwar kaset ta fara fin makaɗan ƙarfi. Kiɗan garinmu kuwa, na ganga da algaita da ake yi a ƙofar gida ranar biki, a wurina hayaniya ce da mutum mai ilimi ke jira ta wuce.

Shekara huɗu ina tsara kiɗa wa wasannin da babu su. Sai Allah ya kawo Iliya. Abokina ne tun kwalejin horon malamai, yana koyar da kwamfuta a Gashua, kuma ya haɗa wasa da hannunsa. Masunci ne a kwalekwale yana bin kogi yana kama tarwaɗa da karfasa, sai wani kada ya riƙa fitowa yana haɗiye masa kamu. A mataki na uku, in ka iya, ka soke kadan da mashi. Iliya bai iya zane ba, don haka kadan ya fito da ƙaton tumbi da gajerun ƙafafu, yana tafiya yana rangaji.

"Babu abin da ya rage sai sauti," in ji shi. "Yanzu in kada ya fito, ƙit ƙit kawai kwamfuta ke yi."

Na ce ya bar min wannan. Duk Asabar sai in shiga mota zuwa Gashua da kaset a aljihu.

Aiki irin wannan yana bukatar babba a bayansa, don haka na je wurin Alhaji Garba Mai Banda, maƙwabcin mahaifina. Kakanninsa daga Haɗejia suka zo, kuma rabin busasshen kifin da ke barin kasuwar Nguru zuwa kudu nasa ne. Mutum ne mai jiki, mai tafiya a hankali. Ya saurare ni yana jan carbi.

"Wannan abin naku, ana sayar da shi?"

"Ana sayarwa, Alhaji, a ƙasashen waje."

"A Nguru fa?"

"Za a fara."

Ya yi dariya. Ya ce mu gama, mu nuna a gaban jama'a. In abin ya burge shi, shagon da ke ƙofar gidansa ya zama ɗakin kiɗana, kuma zai aika Kano a kawo min babbar fiyano irin ta masu fim. A ranar na rubuta takardar barin koyarwa, na bar wurin kwanan wata a buɗe.

Kiɗan kogi ya yi, kiɗan kamun kifi ya yi. Na kada ne ya gagare ni. Littafina ya ce kowane babban jigo a labari yana da nasa sautin da ke shigowa tare da shi duk lokacin da ya bayyana, amma ƙahon fiyanona in ya yi ƙasa sai ka ce akuya ce mai mura. Ina bukatar abin busa na gaske. Haka na sauke girman kaina na nufi gidan Baba Modu mai algaita, wanda ya yi busa a bikin iyayen rabin garin.

"Wushe, Baba," na gaishe shi da yarensu.

"Wushe, ɗana. Kai ne mai Turancin nan da ke toshe kunne in mun zo unguwarku?"

Na ce ciwon kunne nake fama da shi a lokacin. Ban gaya masa zancen kada ba, ban gaya masa zancen wasa ba, domin na riga na yanke hukunci cewa tsoho ba zai fahimci kwamfuta ba. Na ce dai aiki ne Alhaji Garba ya ɗauki nauyinsa, kuma ina son busa mai nauyi, ta babba, wanda in ya fito kowa zai matsa gefe, wanda kifin kogin nan kaf nasa ne.

"Ba sai ka yi dogon bayani ba," in ji shi. Ya kira ƙanensa mai ganga, na danna rediyona ta fara ɗauka, Baba ya cika kumatu.

Abin da ya fito sai da ya tayar min da tsigar jiki. Ba gwaji, ba gyara, numfashi ɗaya. Da na koma gida na rubuta a littafin ajiyata cewa yau na ga wani dattijo da bai san harafin kiɗa ko ɗaya ba ya ƙirƙiro sauti cikakke a gabana, kuma abin tausayi ne irin wannan baiwa ta tashi babu makaranta. (Littafin yana nan. Ba na bari matata ta buɗe shi.)

Na ɗora wa busar goge da ƙahonni har ta cika ɗaki. Sannan na yi abin da na fi alfahari da shi: na yi mata kala biyu. Ta farko mai izza, ta fitowar kada. Ta biyu ta mutuwarsa, inda na riƙe kaset da yatsa ya ja a hankali, busar ta riƙa langaɓewa tana shaƙewa har ta mutu, sai ƙahonnin murna su ɓarke. Iliya ya ji ya ce ko a waje sai haka. Shi mutumin Gashua ne, yana da uzuri. Ni a Nguru aka yanke min cibiya.

Ranar nuni, bayan la'asar, zauren makarantarmu ya cika. Mun aro babbar talabijin da sifiku biyu daga gidan kallo. Alhaji na kujerar gaba da abokan kasuwancinsa, Baba Modu na gefe, a baya kuma ga masunta da suka zo cin kasuwa suka ji an ce za a nuna kamun kifi a kwamfuta. Na yi jawabin minti ashirin a kan matsayin kiɗa a wayewar ɗan Adam. Iliya ya zauna gaban kwamfuta, ya ba jama'a baya, ya fara.

Kwalekwale ya tashi, goge na bin sa a hankali. Masunta suka fara gyara wa Iliya aiki daga baya: "Ba nan kifi yake ba, malam, matsa bakin ciyawa!" Komai lafiya. Sai ruwa ya motsa, algaita ta tashi.

Alhaji ya miƙe tsaye.

Ya gyara babbar riga a kafaɗa, ya ɗaga hannu ya dunƙule yana jinjina, fuskarsa cike da annuri. Abokansa suka miƙe tare da shi. Wani maroƙi, irin waɗanda ba a gayyata amma ba a rasa su, ya daka tsalle tsakiyar zaure: "Sai kai, Garba na Hauwa! Mai kifin gabas da yamma! Kowa ya kama, kai ya kama wa!"

A lokacin ne kaina ya buɗe. Baba Modu bai ƙirƙiri komai ba. Taken Alhaji ya busa min, sautin da aka keɓe masa, wanda duk inda aka busa shi a Nguru an san Alhaji Garba ake nufi, kuma shi ma dole ya tashi ya amsa. Fiye da shekara ashirin ana busa shi a ƙofar gidan da ke jikin namu. Kowa a zauren ya san shi, har awakin unguwa, ban da wanda ya yi jawabin minti ashirin.

A talabijin kuwa, kada ya gama fitowa da tumbinsa, ya yi rangaji zuwa kwalekwale, ya haɗiye kifin masunci gaba ɗaya.

Maroƙin ya waiga ya ga allo, kirari ya maƙale masa. Zaure ya yi tsit, sai algaita. Can daga baya wani masunci ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Wallahi kuwa haka yake yi mana." Dariyar da ta biyo baya ba irin wadda ake tsayarwa ba ce. Mutane na riƙe ciki, wani ya fita waje ya ƙarasa tasa. Alhaji na tsaye, hannunsa a sama, bai san ko ya sauke ba ko ya bari. Ya sauke a hankali ya zauna.

Na lallaɓa wurin Iliya na ce a kunnensa, "Kashe."

"Yanzu kuwa," in ji shi, ido na kan allo, "saura kaɗan in kai mataki na uku."

Ya ji dariya a bayansa ya ɗauka nasara ce. Kafin in gano wayar da zan cire (akwai wajen bakwai, duk baƙaƙe), kada ya sake fitowa sau biyu, kowane karo da takensa. Sannan Iliya, wanda bai taɓa kuskuren mashi ba, ya soke shi a tumbi. Taken Alhaji Garba Mai Banda ya langaɓe, ya shaƙe, ya mutu a gaban mai shi, ƙahonnina suka ɓarke da murna. Sautin ya fita tas. Ban taɓa jin aikina ya yi kyau irin na ranar ba.

Baba Modu ne ya fara isowa wurina. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, mahaifina ne ya yi wa mahaifinsa wannan taken. Ka sa na busa wa kada?"

"Baba, ban sani ba."

"Da ka tambaya. Ko da yake mai ciwon kunne ba ya jin amsa."

Washegari mahaifina ya tasa ni gaba zuwa gidan Alhaji, da Baba Modu, domin a wanke mai algaitar daga zargi tukuna. Na durƙusa na yi bayani tun daga gidan gem har zuwa yatsa a kan kaset. Alhaji ya saurara har ƙarshe.

"Na yarda ba da gangan ka yi ba, Malam," in ji shi. "Da gangan ne ma da na fi ganin wayonka. Ni ban yi boko ba, amma in na ji sautin mutum na san shi. Kai da za ka buɗe shagon kiɗa a ƙofata, nawa ma ba ka sani ba?"

Na sunkuyar da kai. Ya yafe min, ya sa aka kawo mana fura, ya tambayi mahaifina lafiyar ƙafarsa. Kafin sati ya zagayo wani tela ya shiga shagon. Baba Modu ya ci gaba da busa taken a bukukuwa, Alhaji ya ci gaba da miƙewa, sai dai an ɗauki shekaru in an busa masunta na sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa.

Abin da na koya ba mai zurfi ba ne. Kafin mutum ya tsara wa duniya kiɗa, ya fara buɗe taga ya ji wanda ake yi a ƙofar gidansu, kuma in dattijo ya ce maka ba sai ka yi dogon bayani ba, to a nan ne ya kamata ka yi shi.

Ban yi zuciya na bar aikin ba. Wata uku na yi ina sake wa kada sauti, wannan karon da fiyano zalla, kuma sai da na kunna wa Baba Modu ya tabbatar min ba na kowa ba ne. ("Wannan ko kadan ba zai amsa ba," in ji shi.) Iliya ya sa wasan a duk kwamfutocin ɗakin koyarwarsu a Gashua, ɗalibai suka yi shekaru suna bugawa, har ana gasa. Kwamfutocin babu mai sifika ko ɗaya.