Rasuwar Takalmin Gwadabe Masinja

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Malam Gwadabe, masinjan ofishin Joji, Baturen shari'a, mazaunin Tudun Wada, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da masu murna a ɓoye, rasuwar takalminsa na soja, ƙafar dama, ranar Laraba bayan la'asar.

An haifi marigayin a Ingila, daga fatar sa mai kauri. Ya zo Zariya a jirgin ƙasa, ya yi wa wani sajen soja hidima, sannan ya koma wurin Gwadabe. Bai taɓa shiga masallaci ba, amma kullum yana jira a ƙofa da haƙuri. Ƙusoshi goma sha uku ne a tafinsa. In ya taso yana ƙwas, ƙwas, ƙwas, kafin ya iso majalisa an gyara zance, kowa na yabon mai shi. Shekara huɗu Gwadabe bai ji an faɗi aibinsa ba, har ya gaskata ba shi da shi.

Ciwon ajali ya fara da 'yar tsagewa. Sabo baduku ya duba, ya ce a shafe shi da man shanu. Gwadabe ya shafa, bai yi rowa ba. Da ya je gaida surukinsa a Gyallesu, ya tuɓe takalma a ƙofar zaure kamar kowane ɗa mai kunya, ya shiga ya durƙusa. Tsohon kuwa mai doguwar gaisuwa ne. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi lafiyar Bature. Kafin a shafa fatiha, karen maƙwabta ya gama da marigayin, sai ƙusoshi da igiya.

Ya bar ɗan uwansa na hagu, wanda ba ya iya fita shi kaɗai. Ya bar dangi na nesa: kufutai na jar fatar akuya, ɗinkin dukawan cikin birni, masu kaiwa gwiwa, waɗanda suka raina duk marar doki. Akwai kuma huffi, wanda fatake suka kawo daga Tarabulus, mai laushi da tsoron Allah, ba a jin motsinsa.

Huffin nan Gwadabe ya sa ya fita jiya. Har ya iso bayan Kulu mai ƙosai ba wanda ya lura, ya ji da kunnensa sunan da unguwa ta daɗe da raɗa masa: jakin Bature mai kofato. Amininsa Nagoda ya fi kowa dariya. Abin ya yi wa Gwadabe ciwo ƙwarai. Ya koma gida ya yi kuka, ya ce na takalmi ne.

Za a binne abin da kare ya rage gobe da hantsi, a gindin tsamiyar ƙofar gida. Babu salla, tunda ba a tabbatar da addinin marigayin ba. Za a karɓi gaisuwa a zaure har kwana uku. Malam Gwadabe yana roƙon jama'a alfarma guda: daga yau, duk mai zaginsa ya riƙa waigawa tukuna.