Rasuwar Auta, Keken Surfanin da "Ni Ma Haka" Ta Kashe

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni dattijon telan da ke shagon ƙarshen layi, kusa da mai gyaran agogo, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Auta, keken surfaninmu mai kwamfuta. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Halin nan ne na 'yan zamani, kowa ya ga ɓarna ya ɗauka wani ya riga ya kai ƙara. Ina so a karanta wannan da kyau, don mai laifin a gidana yake cin tuwon dare, kuma ni na haife shi.

Marigayiya uwar yara ce ta raɗa masa Auta, saboda shi ne ƙarshen wanda ya shigo mana gida. Ya rayu rayuwa mai tsabta. Bai taɓa cin zaren mutane ba, bai taɓa cewa a dawo gobe ba, abin da ni kaina ba zan rantse a kai ba. Da safe in an kunna shi sai ya ce "tiit, tiit," kamar mai gaisuwa, sannan ya kama "taka-taka-taka" har a tashi. In zare ya tsinke yakan tsaya ya kira mutum da ladabi.

Babbar amanar da ke cikinsa furanni ne. Uwar yara tana da hannun zane. Takan zana fure a takarda, babban ɗanmu ya shigar da shi cikin Auta, ita kuma ta hura wuta da takardar, tana cewa ai yanzu yana wurin da ba zai jiƙe ba. Da ta rasu, abin da ya rage mana na hannunta yana cikin keken nan kaɗai, a kulle da irin kullin kamfanin da ya ƙera shi.

Ciwon ya fara ne bayan kamfanin ya aiko da sabon gyara na manhajar da ke tafiyar da shi. Tun daga ranar, in ya zo canza launin zare a kan tsohon zane, sai allura ta tsaya a sama, ya yi wani dogon "tiiiii" da ban taɓa ji ba, wasu lambobi su fito a fuskarsa. In aka kashe aka kunna sai ya tashi, amma furen da yake ɗinkawa ya tafi. Sunansa na nan a jeri. In ka taɓa, babu komai a ciki.

Ɗan nan nawa rubuta manhaja ce sana'arsa. Na sha jin sa yana faɗa da mutanen da yake yi wa aiki, wai sai su bugo su ce "abu ba ya yi" kawai, ba su faɗi me suka danna ba, ba su ɗauki hoton abin da ya fito ba, shi kuma ba boka ba ne. To shi na kira. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane ciwon. Ya shiga dandalin masu irin wannan keke a wayarsa, ya tarar wani ya rubuta kukansa, a ƙasa kuma mutane jere, cikinsu har da masana irinsa, kowa ya rubuta "ni ma haka." Shi ma ya rubuta "ni ma haka," ya mayar da waya aljihu, ya ce mini lallai kamfani sun sani, magani na hanya. Na ce ya kwashe furannin uwarsa ya ajiye wani wuri. Ya ce sai ya nemi izinin buɗe kullin, zai yi in ya sami sarari.

Ashe dandalin nan ba ƙofar kamfani ba ce. Zaure ne da majinyata ke zama suna kwatanta ciwo, likita bai taɓa leƙowa ba. Ƙofar kamfanin daban take, kuma suna so a zo musu da lambobin da suka fito, da irin zanen, da abin da aka danna kafin ya tsaya. Duk ɗana yana da su a hannu.

Ni kuwa aiki ba ya jira. Ina ɗorawa, Auta yana tsayawa, fure yana tafiya. Sai na daina taɓa zanen uwar yara gaba ɗaya, amma ciwon ya riga ya shiga ciki, ya ci gaba da cin su ba tare da an taɓa ba.

Da ɗana ya zo ya rubuta wa kamfanin yadda ya kamata, amsa ta dawo da ladabi mai sanyi. Sun gode, suna daraja mu. Ba wanda ya taɓa kawo musu wannan ƙara a rubuce, kuma sun rufe kula da irin wannan keke tun watan da ya wuce. Su ma ban wanke su ba. Wanda ya sayar maka da abu ya kamata ya riƙa kasa kunne inda masu saye ke kuka. Amma su ba uwarsu ba ce.

Auta ya cika da hantsi, allura a sama, rabin fure a kan mayafin wata amarya. Bai ko yi "tiiiii" ɗin ba. Har yanzu in na buɗe shago nakan ji gaisuwarsa daga kusurwar, in juya in ga ƙyallen da na lulluɓe shi. Mai gyaran agogo ya ce shi ma ya ji sau ɗaya ta bango, kuma shi ba mutumin wasa ba ne.

Auta ya bar tsohon keken ɗinki na ƙafa, wanda yanzu aiki ya koma kansa duk da ciwon gwiwata, da almakashi, da dutsen guga, da zaruruwa kala-kala waɗanda ba su san abin da ya faru ba.

Za a fitar da shi ranar Asabar da safe daga shago. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da amalankensa. Ba na son 'yan dako, ɗana ne zai ɗauka. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo komai sai wannan: duk mai riga, ko mayafi, ko zanin gado da ke ɗauke da furen uwar yara, ya zo da shi, ko ya koɗe, ko ya yage. Ɗana zai zauna a bakin ƙofa ya ɗauki hoton kowanne, ya sake zana shi da hannunsa.

Ga abin da ya rasa, a faɗa a fili. Furen da uwarsa ta sa masa a rigar aurensa, wadda ya bayar tuntuni. Ganyen da take sa wa jikoki a wuyan riga. Da wanda ta zana a gadon asibiti, shi ya shigar da shi cikin sauri bai duba ba. Wannan na ƙarshe kada kowa ya wahalar da kansa binciken akwati, ba a taɓa ɗinka shi a jikin komai ba. Jiya ɗana ya zo ya durƙusa yana tambayata kamannin furen. Sau ɗaya na gan shi, a ƙaramar fuskar Auta, ban sa tabarau ba. Na ce masa ina jin ja ne.