Yadda Za Ka Tsare Kwabon Kogin Nilu Daga Hannun Surukarka

Ɗan'uwa mai tara tsofaffin kuɗin Rumawa, gyara zama. Ka bi matakan nan nawa, na yi maka alkawarin kwabonka zai ga jikokinka da koriyar tsatsarsa, ko da surukarka ta fi kowa tsafta a Iskandariyya.

Mataki na 1: San abin da kake tsarewa

Kwabon nan mai hoton tsoho mai gemu, wanda Rumawa suka ɗauka ubangijin kogin Nilu ne, kishingiɗe kusa da kada, duk darajarsa a wannan koren take. Ka kankare shi, ka koma riƙe da marfin kwalba. Mu 'yan teburin baya a gidan shayi mun san haka. Surukata Hajiya Nabawiyya kuwa, mai goge har gindin tukunya da lemon tsami da gishiri, sunansa a wurinta dauɗa.

Mataki na 2: Kada ka yi bayani

Ni na gwada. Na ɗauko gilashin ƙara girma, na nuna mata hoton kada, na nuna mata zangarniyar alkama a hannun tsohon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta tambayi 'yarta Afaf, matata, ko dama tsoho ba riga mijinta ke shafawa in ya kulle ƙofa.

Mataki na 3: Zaɓi maɓoya

Ban da gwangwanin shayi, ban da aljihun kwat. Sa shi a safa, safar a takalmi, takalmin a saman kabad. Masana sun tabbatar tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta hawa kujera.

Mataki na 4: Kada matarka ta haihu

In abin ya zama dole, to kada ka yarda a aike ka ranar suna. Ni kyandir da alewa aka tura ni saye. Ashe gwiwa tana warkewa ranar suna! Hajiya ta hau kujera neman takalmin da zan fita kunya da shi gaban baƙi.

Mataki na 5: Yi murmushi

Na dawo na tarar ana buga turmin tagulla kusa da kunnen jariri bisa al'adarmu ta suna, mata na gaya masa ya ji maganar uwarsa, ta ubansa kuma ya watsar. A gaban rigarsa ga wani abu ja yana walƙiya, an huda shi an zura zare.

"Ɗana, ba sai ka gode ba," in ji Hajiya. "Na sha wuya, amma tsohon ma ya tafi da tsiraicinsa. Yanzu mai mugun ido wannan zai kalla, ya bar min jikana."

Wallahi ji na yi kamar in faɗi in yi birgima. Na kalli yaron, ya damƙe zaren yana barcinsa. Na sunkuya na sumbaci hannunta.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya rasa nasa, kada ya neme ni a gidan shayi, an ɗauke kujerata daga teburin baya. Kada kuma ka ce in kai maka ƙara wurin Hajiya. Yaron ko mura bai taɓa yi ba, kuma duk Juma'a sai ta tambaye ni ko ina da wani, don Afaf ta sake samun ciki.